Yadda ake tsara sharuɗɗan kwangilar sayen na'urar ɗibar samfur a masana'anta

Masana'antar da ke sayen tama, kwal, siminti, takin zamani ko ɗanyen mai ba ta iya gwada kowane tan da ya shigo mata ko ya fita daga hannunta, don haka takan ɗebi kaɗan ta kai ɗakin gwaje-gwaje, sannan ta yanke hukunci a kan dubban tan bisa abin da aka gani a ƴan giram. Na'urar da ke yin wannan ɗiba ita ce ke tsakanin kayan da ɗakin gwaji, kuma idan ta ɗebo abin da bai wakilci kayan ba, babu ƙwarewar masanin sinadarai ko tsadar kayan awo da za su gyara sakamakon. Wannan ne ya sa nake ganin babban kuskuren da masu saye ke yi shi ne su rubuta kwangila a kan ƙarfe da mota (injin da ke juya na'urar) da wayar lantarki, alhali abin da suke buƙata a zahiri shi ne samfur mai gaskiya. Kwangilar da ta dace ita ce wadda ta ɗaure biyan kuɗi da hujjar cewa na'urar tana ɗebo samfurin da ya wakilci kayan mai saye, a harabar mai saye, a kan irin nauyin aikin da za ta riƙa ɗauka kullum.

Ƙaramin lissafi zai nuna girman abin. A ce jirgi ya kawo tan 50,000 na kwal, kuma na'urar tana busar da samfur a hanya har danshin da ake aunawa ya gaza na gaskiya da rabin kashi ɗaya cikin 100. Mai saye ya biya kuɗin tan 250 na ruwa a matsayin kwal a wannan jirgi kaɗai, kuma haka zai yi ta biya a kowane jirgi, domin irin wannan kuskure ba ya share kansa da yawan gwaji, kullum gefe guda yake karkata.

Fara da bayanin kayan da za a ɗiba

Kafin ka nemi farashi daga kowane kamfani, ka rubuta rataye na musamman da ke bayyana kayanka filla-filla: nau'insu, girman ƙwaya mafi girma, iyakar danshi daga mafi bushewa zuwa mafi jiƙa, nauyin kowace mita kubik (mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi) idan an zuba su, yawan tan da ke wucewa a sa'a a lokacin aiki na yau da kullum da kuma lokacin da aka cika bel, faɗin bel ɗin jigila da gudunsa, da ko kayan suna manne wa ƙarfe ko suna cinye shi. Girman ƙwaya mafi girma yana da ma'ana takamaimai a ƙa'idojin ƙasa da ƙasa, wato girman ramin rariyar da ba ta riƙe fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyin kayan, saboda haka kada a bar kalmar haka nan kowa ya fassara ta yadda ya ga dama.

Wannan rataye takobi ne mai kaifi biyu. Mai ƙera na'ura zai gina lissafinsa a kansa, kuma duk ranar da rigima ta tashi, abu na farko da zai duba shi ne ko kayan da aka ba na'urar sun fita daga iyakar da ka rubuta. Idan ka ce danshi ba ya wuce kashi 8 cikin 100 alhali a lokacin ruwan sama yakan kai 12, to ka riga ka ba shi ƙofar fita daga garanti da hannunka. Ka rubuta mafi munin yanayin da ka taɓa gani a bayanan aikinka, sannan ka sa sashe da ke wajabta wa mai ƙera na'ura ya karɓi samfurin kayanka ya gwada da kansa kafin ya kammala zane, ya kuma tabbatar a rubuce cewa ya gamsu da bayanan da aka ba shi.

Ambaci ƙa'ida da lambarta da shekararta

Jumlar nan da ake yawan gani, cewa na'urar za ta dace da ƙa'idojin duniya, ba ta ɗaure kowa. Kowane irin kaya yana da tasa ƙa'ida: a ƙa'idojin ISO, wato hukumar tsara ƙa'idoji ta duniya, ISO 3082 ta tamar ƙarfe ce, ISO 13909 ta ɗibar samfurin kwal da na'ura, ISO 12743 ta tacacciyar tamar jan ƙarfe da dalma da tutiya da nikel, ISO 24333 ta hatsi, ISO 3171 kuma ta ɗibar samfurin mai daga bututu ta hanyar na'ura mai sarrafa kanta. A Amurka an fi amfani da ƙa'idojin ASTM (wata ƙungiyar tsara ƙa'idoji) da na API (cibiyar man fetur ta Amurka), kuma ba a kowane lamari suke zama ɗaya da na ISO ba. Ka rubuta lambar ƙa'idar, da sashenta, da shekarar bugun da ake nufi, domin ana sabunta waɗannan takardu, kuma ka fayyace wanda zai ɗauki kuɗin gyara idan sabon bugu ya fito bayan sa hannu. Haka nan ka jera takardun kwangila bisa fifiko, ta yadda idan zanen kamfani ya saɓa wa ƙa'ida, ko takardar tayinsa ta saɓa wa ratayenka, an san wadda za ta rinjayi wata.

Idan abin da masana'antarka ke gwadawa ƙirgaggun kaya ne, kamar kusoshi ko kwalabe, to maganar ta ɗan bambanta, domin abin da za a ambata shi ne tsarin zaɓe irin na ISO 2859-1 ko ISO 3951, tare da girman kaso, matakin dubawa, da iyakar aibin da aka amince da ita.

Ko da an ambaci ƙa'ida, ina ba da shawarar a kwafo muhimman sharuɗɗan zane a cikin kwangilar kanta, saboda su ne aka fi yi wa ha'inci idan ana neman rage farashi. Injiniyan nan ɗan Faransa, Pierre Gy, wanda ya fara aza harsashin ilimin ɗibar samfur tun shekarun 1950, ya tsaya a kan manufa ɗaya: dole kowace ƙwaya a cikin kayan ta samu dama daidai da ƴar uwarta ta shiga samfur. Daga nan ne sharuɗɗan suka samo asali. Maɗebin, wato akwatin ƙarfen da ke ratsa kayan yayin da suke zubowa daga ƙarshen bel, dole ya yanke dukkan faɗin zubowar daga wannan gefe zuwa wancan, da gudu iri ɗaya ba tare da tsayawa ko ƙara sauri a tsakiya ba. Faɗin bakinsa kada ya gaza ninki uku na girman ƙwaya mafi girma. Gudunsa, idan bakin yana kan wannan mafi ƙarancin faɗi, kada ya wuce mita 0.6 a daƙiƙa, domin idan ya fi haka manyan ƙwayoyi sukan bugi leɓensa su fallatsa waje. Cikinsa kuma ya wadatar ya riƙe duk abin da ya ɗebo ba tare da ya yi ambaliya ba.

Waɗannan lambobi suna da sakamako a kan girman dukkan tsarin, kuma yana da kyau mai saye ya yi lissafin da kansa kafin ya karanta tayin kamfanoni. A ce kayan suna wucewa tan 1,000 a sa'a, wato kusan kilo 278 a daƙiƙa, kuma ƙwaya mafi girma milimita 50 ce. Bakin maɗebi zai zama milimita 150, kuma a gudun mita 0.6 a daƙiƙa kowane ɓangare na zubowar zai shiga cikinsa tsawon rubu'in daƙiƙa, wanda ke nufin kowace ɗiba ɗaya za ta kai kusan kilo 69. Idan ka ga tayin da ke alƙawarin ɗibar kilo 20 a wannan yanayi, to ɗayan biyu ne: ko an matse bakin, ko an ƙara gudun, kuma kowanne daga ciki yana ɓata samfur. Daga wannan kilo 69 ne ake lissafa girman ƙaramin bel mai ciyarwa, injin niƙa, maɗebi na biyu, da hanyar mayar da ragowar kayan kan babban bel, don haka kuskure a nan yakan bi dukkan tsarin har ƙarshensa.

Iyakar aiki: wa zai yi me

Rigingimu da dama ba a kan na'urar suke tashi ba, a kan mahaɗarta da sauran masana'anta suke. Ka sa a zana iyakar aikin kamfani a kan zane, a nuna inda wayar lantarkinsa ta tsaya, inda bututun iska ya haɗu da naka, wanda zai gina harsashi da matakala da dandamalin da ma'aikaci zai tsaya, wanda zai kawo injin ɗaga kaya ranar kafawa, da wanda zai haɗa kwamfutar na'urar da ɗakin sarrafa masana'anta. Ka kuma shardanta ƙofofin leƙawa a kowane maɗebi da kowane mazurari, masu girman da mutum zai iya ganin leɓen maɗebi ya auna faɗinsa ba tare da kwance ƙarfe ba. Na taɓa tsayawa a gaban wata na'ura da aka shekara ana amincewa da sakamakonta, sai da aka yanka murfinta aka tarar jiƙaƙƙen gari ya daskare a bakin maɗebin kamar laka, ya rage faɗinsa kusan rabi, manyan duwatsu suna zamewa ta samansa suna komawa kan bel. Fitilar da ke ɗakin sarrafawa kore take nunawa duk tsawon wannan lokaci, domin motar tana juyawa kuma bokitin samfur yana cika. Babu ƙofar leƙawa a zanen, kuma babu wanda ya nemi a sa ta a kwangila.

Inda akwai ƙura mai kamawa da wuta ko tururin mai, sai a ambaci takardar shaidar kariya daga fashewa, ko ta ATEX ta Tarayyar Turai ko ta IECEx, tare da matakin hatsarin wurin, da matakin kariyar akwatunan lantarki daga ƙura da ruwa, misali IP65.

Gwajin karɓa, wanda shi ne zuciyar kwangilar

Gwaji iri uku ne, kuma kada a yarda ɗaya ya tsaya a madadin wani. Na farko ana yin sa a masana'antar mai ƙera na'ura kafin a ɗora ta a jirgi, inda ake auna faɗin baki, gudun maɗebi, da aikin maɓallan tsayarwa na gaggawa. Na biyu ana yin sa bayan kafawa, da farko babu kaya sannan da kaya, don a ga tsarin yana aiki sa'o'in da aka amince a jere ba tare da toshewa ko zubewa ba. Waɗannan biyu suna nuna cewa injin yana motsi ne kawai. Na uku, wato gwajin karkata (ko kuskuren samfur yana yawan faɗuwa gefe guda) da na daidaito (ko sakamako yana maimaita kansa), shi ne ke nuna ko samfurin gaskiya ne, kuma shi ne kamfanoni suka fi son a bar shi a matsayin abin da za a tattauna daga baya.

A kayan da ke tafiya kan bel, ana gwada karkata ne ta hanyar tsayar da bel ɗin da kaya a kansa, a aza firam mai gefe biyu, a kwashe duk abin da ke tsakanin gefen har da garin da ya manne a ƙasa da buroshi, sannan a kwatanta wannan samfur da wanda na'urar ta ɗebo daga kusa da wurin. Ana maimaita haka sau da yawa, a gwada kowane biyun a ɗakin gwaji ɗaya, a duba ko bambancin da ke tsakaninsu yana yawan faɗuwa gefe guda. Sashe na 8 na ISO 13909 ya bayyana wannan ga kwal, ISO 3086 kuma ga tamar ƙarfe. A bututun mai hanyar ita ce a zuba sanannen adadin ruwa a cikin bututun kafin wurin ɗiba, a ga ko samfurin ya nuna adadin da aka zuba.

Kwangilar ta amsa waɗannan tambayoyi tun kafin a fara, domin bayan sakamako ya fito kowa zai fassara shi ta inda ya fi masa. Wace siffa za a auna: danshi, toka, yawan ƙarfe, ko rabon girman ƙwaya? Ina ganin danshi da girman ƙwaya ba sa rasa shiga, domin su ne suka fi saurin tona asirin maɗebi mara kyau. Samfur biyu-biyu nawa za a ɗiba, kuma a wane nauyin bel? Wace karkata ce mafi girma da za a iya haƙuri da ita, kuma a wane matakin tabbaci na lissafi, wanda galibi kashi 95 cikin 100 ne? Wannan na ƙarshe yana buƙatar kulawa, saboda gwajin da aka yi da samfur kaɗan a kan kaya masu bambanci sosai kusan kullum yakan ƙare da cewa ba a gano karkata ba, kuma rashin ganowa ba ya nufin babu ita. Don haka a rubuta cewa nauyin kawo hujja yana kan mai ƙera na'ura, wato shi ne zai nuna cewa karkatar tana cikin iyakar da aka amince, kuma idan sakamako ya fito a tsakani, za a ƙara yawan samfur har a samu hukunci. A ambaci ɗakin gwajin da sunansa a ratayen, ya kasance mai zaman kansa, mai shaidar ƙwarewar ɗakin gwaji ta ISO/IEC 17025 da ta shafi ainihin gwajin da za a yi, kuma kowane ɓangare yana da ikon turo wakili ya shaida ɗibar da rufe samfur da hatimi.

Akwai nauyi a kan mai saye shi ma, kuma adalci ne a rubuta shi. Tsayar da bel mai ɗauke da kaya sau da dama yana cin lokacin samarwa, kuma ba kowace mota ce ke iya tayar da cikakken bel daga tsaye ba. Idan ba ka ba da kaya da lokaci da ma'aikata cikin wa'adin da aka yanka ba, kamfani zai nemi a ɗauka cewa an karɓi na'urar. Irin wannan sashe na karɓa ta dole yana da haɗari matuƙa, don haka idan ba za a iya cire shi ba, a tsawaita wa'adinsa, a kuma fayyace cewa fara amfani da na'urar a aikin yau da kullum ba ya nufin an karɓe ta.

Idan na'urar ta faɗi gwaji, kamfani ya gyara da kuɗinsa a sake gwadawa da kuɗinsa, kuma a ƙayyade sau nawa za a yi hakan, bayan haka mai saye yana da zaɓin rage farashi ko mayar da na'urar a dawo masa da kuɗinsa.

Biyan kuɗi, jinkiri da garanti

Ka raba biya bisa matakan da za a iya shaidawa: kuɗin kafin alƙalami, amincewa da zane, nasarar gwajin farko, isowar kaya, kammala kafawa, da nasarar gwajin karkata. Kason ƙarshe ya zama mai nauyin da zai sa injiniyan kamfani ya dawo idan an kira shi, domin biyan komai kafin wannan gwaji cinikin biri a sama ne. Kuɗin kafin alƙalami a ba da shi a kan takardar lamunin banki da ake biya da zarar an nema, irin wadda ƙa'idojin URDG 758 na Ƙungiyar Ƴan Kasuwa ta Duniya suka tsara, kuma a duba ranar ƙarewarta kada ta riga isowar kaya. A kan jigila, a zaɓi sharaɗi ɗaya daga Incoterms 2020 a rubuta shi tare da takamaiman wuri, a kuma tuna cewa waɗannan sharuɗɗa suna faɗin inda haɗarin kaya ke komawa kan mai saye da wanda ke biyan sufuri da inshora da kwastam, amma ba sa cewa komai a kan lokacin da mallaka ke komawa, saboda haka wannan yana buƙatar nasa sashe.

Diyyar jinkiri a ƙayyade ta a kowane mako tare da iyaka, kuma ta kasance kusa da asarar da za a iya kimantawa, domin a dokokin wasu ƙasashe kotu ba ta tilasta biyan abin da ta ga tara ce ta wuce kima. Ka karanta sashen iyakance alhaki da idon basira. Kusan kowane kamfani zai cire asarar riba da asarar da ta biyo baya, kuma asarar da samfur mara gaskiya ke jawowa tana faɗawa cikin wannan rukuni, wanda shi ne ƙarin dalilin da ya sa kariyarka ta gaskiya take a gwajin karɓa.

Garanti ya fara ƙirguwa daga ranar karɓa, ba daga ranar da kaya suka bar masana'antar kamfani ba, kuma a jera sassan da ake ɗauka masu cinyewa ne, kamar leɓen maɗebi da haƙoran injin niƙa, tare da tsawon aikin da ake sa ran kowanne zai yi, don kada a kira kowace lalacewa cinyewar yau da kullum. Idan an yi alƙawarin cewa na'urar za ta kasance a shirye kashi 98 cikin 100 na lokaci, a bayyana yadda ake lissafin, domin a sa'o'in aiki 8,000 wannan yana nufin sa'o'i 160 ne kayan za su wuce ba a ɗebi samfurinsu ba, kuma dole a san ko lokacin jiran kayan gyara yana ciki. Ka nemi jerin kayan gyara da farashin da zai tsaya na wasu shekaru, alƙawarin samar da su na tsawon lokaci, horar da ma'aikatanka a kan ainihin na'urar, da zanen yadda aka gina ta a ƙarshe.

Manhaja, bayanai da raba gardama

Na'urorin yanzu kwamfuta ce ke sarrafa su, ita ke ƙayyade tazarar ɗiba da rubuta lokacin kowace ɗaya. Ka shardanta a ba ka kwafin manhajar da kalmomin sirrinta da izinin gyara ta bayan garanti, bayanan da take tarawa su zama mallakinka, duk wani canji a tazarar ɗiba ko gudun maɗebi ya bar alama da sunan wanda ya yi da lokaci, kuma kamfani kada ya shiga na'urar ta intanet sai da izininka a kowane karo.

Idan sakamakon na'urar ne za a yi amfani da shi wajen ciniki da wani ɓangare na uku, ka tabbatar tana iya raba samfurin ƙarshe gida uku iri ɗaya a rufaffun mazubai marasa shigar iska: na mai saye, na mai sayarwa, da na raba gardama wanda ake ajiyewa da hatimi har wa'adin ƙorafi ya wuce.

A kan doka, a ambaci dokar ƙasar da za ta yi hukunci, a kuma faɗi ƙarara ko Yarjejeniyar Vienna ta 1980 kan cinikin kaya tsakanin ƙasashe tana aiki ko an cire ta, domin takan shiga da kanta idan ɓangarorin biyu suna ƙasashen da suka amince da ita. Sashenta na 39 ya ce mai saye yana rasa haƙƙinsa idan bai sanar da aibi cikin lokaci mai ma'ana ba, kuma a kowane hali cikin shekara biyu daga miƙa masa kaya, sai dai idan wa'adin garanti ya tanadi wani abu daban, alhali karkatar samfur aibi ce da kan ɗauki watanni kafin a lura da ita. Saɓani a kan lissafi ko sakamakon gwaji a miƙa shi ga ƙwararren masanin ɗibar samfur da aka amince da hanyar naɗa shi tun farko, ya yanke hukunci cikin ƙayyadaddun kwanaki, sauran saɓani kuma su tafi gaban masu sulhu a wurin da aka ambata, a ƙasar da ta shiga Yarjejeniyar New York ta 1958, domin a iya aiwatar da hukuncin a ƙasar da kadarorin kamfanin suke.